Maƙerar Vasas: Gidan da Ya Ƙera 'Yan Dambe, Wasu Suka Ci Kasuwarsu

A arewacin Budapest, babban birnin ƙasar Hungari, akwai wata unguwa da ake kira Angyalföld. Ma'anar sunan wai ƙasar mala'iku, amma a farkon ƙarni na 20 babu abin da ke tashi sama a can sai hayaƙin masana'antu. Unguwar leburori ce da maƙera da masu narka ƙarfe, mutanen da jiniyar masana'anta ke tashe su da asuba, ta kuma sallame su da almuru. Irin waɗannan mutane ne suka taru a ranar 16 ga Maris, 1911, a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ma'aikatan ƙarfe, suka kafa kulob ɗin wasanni. Suka kira shi Vasas, wato mai aikin ƙarfe, ana furta shi kusa da "Bashash". Launinsa ja da shuɗi, kuma har gobe hedikwatarsa tana Angyalföld, a kan titin Fáy.

Mu a nan idan an ce kulob, ƙwallon ƙafa ke zuwa mana a rai. A tsakiyar Turai abin ya fi kama da gidan gandu: zaure ɗaya, maigida ɗaya, amma sassa da yawa, kowane da tukunyarsa. A gidan Vasas akwai sashen ƙwallon ƙafa, wanda ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Turai a kakar 1957 zuwa 1958 kafin Real Madrid ta tare masa hanya. Akwai na ƙwallon ruwa, da na ƙwallon hannu na mata da suka ɗauki kofin Turai a 1982, da na kokawa inda wani ƙato mai suna Kozma István ya kawo zinaren Olamfik har sau biyu, da na wasan takobi. Sai kuma sashen dambe, wanda bai taɓa zama ɗan lelen gidan ba ta fuskar kuɗi ko yawan 'yan kallo, amma sau uku, a zamani uku daban-daban, ya kawo wa gidan lambar zinare ta Olamfik. Ba abin mamaki ba ne a ce dambe ya yi gida a wurin maƙera. A ƙasar Hausa ma sana'a ce ta raini dambe, mahauta ne suka riƙe shi tun kaka da kakanni, suna bin garuruwa da kaka. Hannun da ya saba da guduma ko da jan igiyar sa, ba ya jin ƙyuyar naushi.

Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, hukumomin Hungari kallon gidan 'yan adawa suke yi wa Vasas, saboda alaƙarsa da ƙungiyoyin ƙwadago. Bayan 1945 sai reshe ya juye da mujiya. 'Yan gurguzu suka karɓi mulki, kulob ɗin ma'aikata ya zama ɗan gida. Sabuwar gwamnati ta raba kulob-kulob ga ma'aikatu da ƙungiyoyin sana'a irin yadda ake yi a Tarayyar Sobiyet: Honvéd ta soja, Dózsa ta 'yan sanda, Lokomotív ta ma'aikatan jirgin ƙasa. Manyan tsofaffin kulob irin su Ferencváros da MTK har sunansu aka sauya musu. Vasas ta tsira da nata sunan, don dama can na ma'aikata ne. A lokaci guda kuma aka haramta wasa don kuɗi. A takarda kowane ɗan wasa ɗan dagaji ne, ma'aikaci ne mai motsa jiki bayan ya tashi aiki. A zahiri kuwa sunansa kawai ke cikin rajistar masana'anta, ƙarshen wata ya je ya sa hannu ya karɓi albashi, sauran kwanakin yana ɗakin atisaye. Kowa ya san da haka, an dai yi shiru ne. To a cikin wannan tsari na ƙwararrun da ba a yarda a kira su ƙwararru ba ne Papp László ya shigo Vasas.

A Angyalföld ɗin aka haife shi, ranar 25 ga Maris, 1926. Mahaifinsa ma ya taɓa dambe, amma ya rasu tun yaron bai kai ko'ina ba. A kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa ya fara, a hannun mai horarwa Adler Zsigmond, mutumin da ya zame masa uba a sana'a har ƙarshe. Gajere ne, bai wuce santimita 165 ba, ga faɗin ƙirji, ga ɗan siririn gashin baki irin na taurarin silima. Kuma bahago ne. Duk wanda ya taɓa kallon dambe a gidan damben gargajiya ya san wahalar da bahago ke ba mutane: ƙafar da kake jira a baya ita ce a gaba, naushin kuma yana fitowa ta inda ba ka tsare ba. Papp yakan duƙa ya shige ƙarƙashin dogon hannun abokin karawa, sai ya lanƙwaso hagu ta gefe zuwa muƙamuƙi. Da wannan ya ci zinaren Olamfik a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952, ya haɗa da kambun Turai na 'yan dagaji a 1949 da 1951. Saboda haka lokacin da ya koma Vasas, gabanin gasar Olamfik ta Melbourne, ba ɗanyen ƙarfe aka kawo maƙera ba. Gaskiyar magana ita ce kulob ɗin ya gaji zakara ne, ya ba shi inuwa a shekarun da aka fara cewa ya tsufa.

Shekarar 1956 ta zo masa da sarƙaƙiya. Wani matashi ɗan Polan, Zbigniew Pietrzykowski, shi ma bahago, ya doke shi a Warsaw, har wasu suka ce ruwan Papp ya ƙare. Sannan a ranar 23 ga Oktoba jama'ar Budapest suka yi wa mulkin gurguzu bore. Ranar 4 ga Nuwamba tankokin Sobiyet suka shigo birnin suka murƙushe boren. Cikin wannan hali tawagar Hungari ta kama hanyar Ostareliya, ba atisayen kirki, ba wanda ya san halin da ya baro iyalinsa. A Melbourne, a ajin kilo 71, Papp mai shekara 30 ya sake haɗuwa da Pietrzykowski a wasan kusa da na ƙarshe, ya rama. A wasan ƙarshe ya gamu da José Torres, ɗan asalin Puerto Rico mai shekara 20 da ke wakiltar Amurka, ya cinye shi da maki. Ya zama ɗan dambe na farko a tarihi da ya ci zinare sau uku a jere. Sai bayan shekaru masu yawa 'yan Kyuba biyu, Teófilo Stevenson da Félix Savón, suka taka wannan matsayi.

Da aka tashi gasar, 'yan wasan Hungari da dama suka ƙi komawa gida, wasu suka zauna a Ostareliya, wasu suka wuce Amurka. Papp, wanda ya fi kowa damar samun kuɗi a waje, ya koma. Sabuwar gwamnatin Kádár János tana neman abin da za ta wanke fuskarta da shi a idon duniya da na talakawanta, sai ta yi masa abin da ba a taɓa yi wa wani ɗan dambe ba a duk ƙasashen gurguzu na wancan lokaci: ta ba shi izinin shiga damben kuɗi. Amma da sharaɗi. A Hungari haramun ne, don haka sai dai ya je waje ya yi.

A nan ne tarihin damben kuɗi na wannan gida ya ɗauki siffar da bai taɓa rabuwa da ita ba. Mutumin yana zaune a Budapest, amma sana'arsa tana Biyana, babban birnin Ostiriya, tafiyar da ba ta wuce ta Kano zuwa Kaduna da yawa ba, sai dai a tsakani akwai waya mai ƙaya da sojojin kan iyaka. Kowace fita sai da izini. Ya fara a 1957 a Jamus yana da shekara 31, shekarun da wasu ke shirin ajiye safar hannu. Kuma jikinsa yana da wani rauni da bai dace da sana'ar ba: ƙasusuwan hannunsa ba su kai ƙarfin naushinsa ba. A damben 'yan dagaji turmi uku ne a tashi. A na kuɗi ana iya kai wa goma, na kambu har sha biyar, safar kuma ba ta da kauri. Sau da yawa yakan sauko daga dandali a kwance masa bandeji a tarar hannu ya kumbura, ƙashi ya tsage, sai filasta da jinya na watanni kafin a sake sa rana. Shi ya sa a shekara bakwai wasa 29 kacal ya yi.

Amma Biyana ta rungume shi. Bayan boren 1956 mutum kusan 200,000 ne suka gudu daga Hungari, akasarinsu ta Ostiriya, kuma idan Papp zai yi wasa a babban zauren Stadthalle, waɗannan 'yan gudun hijira sukan cika kujeru tare da 'yan gari. Abin kallo ne: mutanen da suka tsere wa gwamnati suna sowa ga mutumin da ya zo da fasfo ɗin wannan gwamnati a aljihu. A watan Mayun 1962 ya tsayar da Chris Christensen na Denmak ya karɓi kambun Turai na matsakaita nauyi. A shekarar ce kuma ya doke Ba'amurke Ralph Jones, wanda ya taɓa cinye Sugar Ray Robinson. Sau shida ya kare kambun, har da zuwa Faris ya doke Hippolyte Annex, da zuwa Madrid ya doke Luis Folledo a gaban mutanensa. Na ƙarshe shi ne da Mick Leahy a Biyana a watan Oktoban 1964, turmi 15 cif, Papp ya ci da maki yana da shekara 38.

Abin da ya rage shi ne kambun duniya, kuma a nan labarin ya ratso ta ƙofar gidanmu. Mai riƙe da kambun matsakaita nauyi a 1963 ɗan Najeriya ne, Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger. A watan Agustan shekarar ya kare shi a filin Liberty na Ibadan, inda ya lallasa Gene Fullmer. A watan Disamba sai Joey Giardello na Amurka ya ƙwace. Da Giardello ɗin aka shirya Papp zai kara. Magana ta yi nisa, sai hukumomin Budapest suka kira shi gida suka hana shi takardar fita. Hujjar da aka bayar ita ce dambe don kuɗi bai dace da aƙidar gurguzu ba, kamar ba su ne suka yi shekara bakwai suna buga masa hatimi ba. Mutane da yawa sun fi yarda cewa hassada ce: ɗan unguwar leburori yana samun kuɗin waje da ya fi albashin manyan jam'iyya. Wani abin takaicin kuma, Kádár kansa sananne ne wajen goyon bayan Vasas. Ɗan gida aka yi wa haka, maigida yana kallo.

Haka Papp ya ajiye dambe ba tare da an taɓa doke shi ba a fagen kuɗi: nasara 27, kunnen doki 2. A watan Oktoban 1965 Dick Tiger ya karɓe kambunsa daga hannun Giardello. Shi kuwa Torres, yaron da Papp ya koya wa darasi a Melbourne, ya zama zakaran duniya a ajin da ke sama a 1965, har sai da Dick Tiger ɗin dai ya hau ya tuɓe shi a Disamban 1966. Ni dai duk lokacin da na bi wannan lissafi nakan ce an cuci masu kallo. Da an bar Papp ya tafi, da kuma ya yi sa'ar Giardello, da wuya a ce ba Tiger ne zai tsaya a gabansa ba: gajeru biyu masu ƙirar turmi, babu mai ja da baya a cikinsu. A ganina Tiger zai fi shi, don ya fi shi ƙuruciya da shekara uku, hannunsa kuma bai san filasta ba kamar na Papp. Amma ra'ayi ne kawai, wani jami'i a ofishin fasfo ya riga ya raba gardamar.

Ƙofar da aka buɗe wa mutum ɗaya aka mayar aka rufe, ta kuma zauna a rufe shekara 25. Wanda ya fi kowa nuna abin da wannan ke nufi shi ne Gedó György. Daga garin Békéscsaba ya zo Vasas, ɗan ƙaramin mutum mai kilo 48, ajin da ya fi kowane rashin nauyi. Ya ci kambun Turai a 1969 da 1971, ya je Olamfik sau huɗu daga 1968 zuwa 1980, kuma a Munich a 1972 ya doke ɗan Koriya ta Arewa a wasan ƙarshe ya ɗauki zinare. A wannan gasa ce Issaka Daboré ya kawo wa Nijar lambarta ta farko a tarihin Olamfik, tagulla, Isaac Ikhouria kuma ya kawo wa Najeriya irinta. Gedó ya yi ɗaruruwan wasanni, bai taɓa hawa dandalin kuɗi ko sau ɗaya ba. Shi ne cikakken ɗan wancan tsari: kulob ya ba ka ɗaki da albashi da likita da mai horarwa, kai kuma ka kawo lamba, a rataya a zaure. A kusurwarsa a tawagar ƙasa kuwa Papp ne ke riƙe da tawul, don bayan an hana shi fita sai aka ba shi aikin horar da 'yan damben Hungari, ya riƙe fiye da shekara ashirin, har zuwa 1992.

Da mulkin gurguzu ya faɗi a 1989, waya mai ƙaya ta tafi, amma ta tafi da rumbun. Masana'antun da ke ɗaukar nauyin 'yan wasa aka sayar da wasu, wasu suka rufe, ƙungiyar ƙwadago ba ta da abin da za ta ciyar da gandu. Kowane sashe ya koma neman mai tallafa masa. A cikin wannan fatara ne sashen damben Vasas ya fitar da zakaransa na uku, Kovács István, wanda duk ƙasar ke kira Kokó. An haife shi a 1970, ya gogu a hannun mai horarwa Szántó Imre. Shi ba mai kisa da naushi ɗaya ba ne irin Papp, gwanin ƙafa ne da saurin hannu, ya taɓa ka ya zame kafin ka mayar. Ya ci kambun duniya na 'yan dagaji a Sydney a 1991, tagulla a Barcelona a 1992, sannan a Atlanta a 1996 ya doke Arnaldo Mesa na Kyuba a ajin kilo 54 ya ɗauki zinare. A 1997, da aka kawo gasar duniya Budapest, ya sake ci a gaban mutanensa. A wannan gasa wani abokin atisayensa a hannun Szántó, Erdei Zsolt, mai laƙabin Madár, wato tsuntsu, shi ma ya ci zinare a kilo 75.

Yanzu babu jami'in da zai riƙe wa kowa fasfo. Amma abin mamaki, hanyar ba ta sauya ba, tashar ce kawai ta ƙara nisa. Damben kuɗi ba ya tafiya da tsarin kulob. Yana tafiya ne da dillali mai shirya wasa, da gidan talabijin mai sayen haƙƙin nunawa, da manaja mai yankan kasonsa. Kulob ɗin da ke biyan kuɗin wuta da ƙyar ba shi da ko ɗaya daga ciki. Waɗanda ke da su a wancan lokaci suna Hamburg: kamfanin Universum na Klaus-Peter Kohl, da mai horarwa Fritz Sdunek, wanda 'yan'uwan nan Klitschko ma suka bi ta hannunsa. Can Kokó ya nufa a ƙarshen 1997, can Erdei ya bi shi bayan ya ci tagullar Olamfik a Sydney a 2000. A ƙwallon ƙafa idan ka raini yaro ya tafi, akwai kuɗin sayarwa da ke dawo maka. A dambe sai dai ka ga yaronka a talabijin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ranar 27 ga Janairu, 2001, a Munich, Kokó ya tsayar da Antonio Díaz a turmi na 12 ya ɗauki kambun hukumar dambe ta WBO na ajin marasa nauyi da Naseem Hamed ya bari. Shi ne ɗan Hungari na farko da ya ci kambun duniya a damben kuɗi, shekara 36 bayan an hana Papp gwada sa'arsa. Daɗin bai daɗe ba. A watan Yuni aka kawo wasan kare kambu gida Budapest, a fili buɗaɗɗe, gari ya cika, ƙasa duka tana gaban talabijin. Julio Pablo Chacón na Ajantina ya same shi da naushin da bai gani ba, a turmi na shida alƙali ya raba. Wannan ce kaɗai faɗuwarsa a damben kuɗi, kuma a gida ta same shi. Bai daɗe ba ya yi ritaya, daga baya ya shiga shugabancin WBO, har a 2021 ya zama babban sakataren hukumar damben 'yan dagaji ta duniya.

Gidan Vasas dai yana nan, sassansa suna ta fama kowa da tukunyarsa. Bajintar zinare uku a jere ma ta sake faɗowa a gidan, amma ta wani sashe: Szilágyi Áron, ɗan wasan takobi, ya ci a Landan da Rio da Tokyo.

Shi kuwa Papp, a 1989 hukumar WBC ta ba shi kambun girmamawa na zakaran duniya, yana da shekara 63, ihu bayan hari. A 2001 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwarzayen dambe na duniya a Amurka, shekarar da ya ga Kokó ya ɗaura kambun gaske ya kuma ga an kwance masa. Ya rasu ranar 16 ga Oktoba, 2003, aka sa wa babban zauren wasanni na Budapest sunansa. Wata uku bayan jana'izarsa, ranar 17 ga Janairu, 2004, Erdei ya doke Julio César González ya karɓi kambun WBO na kilo 79, wanda ya kare sau 11 kafin ya ajiye shi da kansa a 2009. A Karlsruhe aka yi wasan, a ƙasar Jamus.